Tankin Murjani da Aka Tsabtace Har Ya Kamu da Yunwa

## Kafa tankin: Oktoba 2021 zuwa Janairu 2022

Mai tankin wani magidanci ne da ke zaune a wani gari a tsakiyar Ingila, cikin tsohon gida da aka gina tun kafin 1970. Ya daɗe yana kiwon kifin ruwan daɗi a tankin gilashi a falonsa, sai a watan Oktoban 2021 ya koma ruwan gishiri da niyyar kiwon murjani mai rai. Tankin yana cin ruwa kimanin lita 300, idan aka haɗa da ƙaramin tankin da ke ƙasansa inda na'urori suke. Ya shimfiɗa farin yashi, ya jera busassun duwatsu kilo 25, ya ɗaura fitilun LED, ya sa injinan kaɗa ruwa biyu, da hita, da na'urar kumfa da ke tsamo datti kafin ya ruɓe a cikin ruwa.

Murjani dabba ce, duk da cewa mai kallo zai ɗauka tsiro ne ko dutse. Siririn nama ne a shimfiɗe bisa ƙwarangwal ɗin da shi da kansa yake ginawa da kalsiyam kabonet. A cikin naman akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Muddin ruwa ya canza musu, su ne ke fara jin jiki, shi ya sa aikin mai tanki kusan duka a kan awon ruwa yake ƙarewa. Abin da ake nema shi ne a kusanci ruwan teku: gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafi digiri 25 zuwa 26, kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, magniziyam wajen 1,300, alkali kuma, wato sinadaran kabonet da ke hana ruwa yin tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa da ake kira dKH. Sai sinadarai biyu da wannan labari ya rataya a kansu, naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga abincin kifi da kashinsu. Yawancin masu kiwo suna riƙe naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Duk lambobin da za a ambata nan gaba na waɗannan biyun a wannan ma'auni suke.

Ruwan da yake haɗa gishirin da shi yana bi ne ta wata na'urar tace ruwan famfo da ake kira RO, da ya saya a hannu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Bai canza kayan cikinta ba, bai kuma mallaki ɗan ma'aunin da ke nuna ko ruwan ya tatu da kyau ba.

Makonni biyar tankin ya yi babu kifi, har ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa datti suka zauna. A Disamba aka sa kifi huɗu da katantanwa goma sha biyu. Wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa ta rufe yashi, ta yi makonni uku ta tafi da kanta. Wannan abu ne da kusan kowane sabon tanki ke yi, halittu ne da ake kira dayatom, suna cin silika, idan ta ƙare su ma su ƙare. A Janairun 2022 murjani ya shigo: Euphyllia tushe biyu, ɗaya mai kawuna biyar ɗaya mai uku, Montipora guda uku, sannan ƙananan rassan Acropora takwas, wanda shi ne mafi wuyar sha'ani a cikinsu.

## Gansakuka mai gashi: Fabrairu zuwa Maris 2022

A tsakiyar Fabrairu koren gashi ya fara tsirowa a kan duwatsun da suka fi samun haske. Cikin wata guda tsawonsa ya kai santimita biyar a wasu wurare, ya fara hawa gindin rassan Acropora yana tare musu haske, yana kuma riƙe datti a jikinsu. Awo ya nuna naitiret 25, fosfet 0.25.

Abin da ya fara yi shi ne goge duwatsun da buroshin haƙori a cikin tankin. Gutsattsarin suka watsu, suka kama a sababbin wurare. Ya rage hasken daga awa goma sha ɗaya zuwa takwas, gansakukar ta rage saurin girma amma ba ta ja baya ba. Katantanwar kuma ba su taɓa doguwar ba, gajeruwa kawai suke iya lasa.

A ƙarshen Maris ya sayi ma'aunin tsabtar ruwa ya gwada abin da na'urar RO ke fitarwa. Ya kamata ya ga sifili, sai ya ga 14. Ya gwada ruwan da ma'aunin fosfet, ya same shi a ciki. Kamfanonin ruwa a Ingila suna zuba fosfet a ruwan famfo da gangan, domin yana yin wani ɓawo a cikin tsofaffin bututun dalma ya hana dalmar narkewa cikin ruwan sha. Wannan alheri ne ga mutane, amma ga tankin murjani taki ne. Wata shida ke nan yana cike gurbin ruwan da ya ƙafe da wannan ruwa, yana kuma canjin ruwa da shi. Ya canza kayan cikin na'urar gaba ɗaya, awo ya dawo sifili.

Duk da haka fosfet ɗin tankin bai sauka ba. Duwatsu da yashin kalsiyam kabonet suna shanye fosfet su riƙe, idan na cikin ruwa ya ragu sai su riƙa sako nasu a hankali. Abin da aka yi wata shida ana ɗura musu ba zai fita a mako biyu ba.

## Matse tankin: Afrilu zuwa Mayu 2022

Haƙurinsa ya ƙare a farkon Afrilu, sai ya ɗauki matakai huɗu a mako guda. Ya sa garin tsatsan ƙarfe da ake kira GFO, mai kama fosfet, ya ninka adadin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Ya fara zuba ruwan khal kullum, dabarar da ke ciyar da bakteriya su yawaita su cinye naitiret da fosfet, sannan na'urar kumfa ta kwashe su. Ya rage abincin kifi zuwa sau ɗaya a kwana biyu. Ya kuma koma canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan kowane mako.

Abin ya yi aiki yadda yake so. A mako na uku gansakukar ta koɗe, ta yi laushi, tana tsigewa da yatsa. A tsakiyar Mayu duwatsu sun yi fes. Fosfet ya nuna 0.00, naitiret ya sauka zuwa 1, daga baya ma'aunin ya daina nuna komai. Rassan Acropora sun yi haske, launinsu ya zama fari-fari mai ɗaukar ido, ya kuma ɗauka alamar lafiya ce. Kawunan Euphyllia ba sa kumbura kamar da. Bai cire GFO ba, bai rage khal ba.

## Yauƙi mai launin ƙasa: Yuni 2022

A makon farko na Yuni wani yauƙi mai launin ƙasa ya bayyana a kan yashi da ƙarshen rassan murjani, yana yin zare-zare masu ɗauke da ƙananan kumfa. Da safe kafin fitilu su kunnu sai a ga ya kusa ɓacewa, kafin la'asar ya dawo ya fi na jiya.

Ya ɗauka sayanobakteriya ce, wadda ita ma kan rufe yashi, sai ya sayi maganin da ake sayarwa dominta, mai kashe bakteriya. Ya kashe na'urar kumfa kwana biyu kamar yadda takardar maganin ta ce. Da ya gama, yauƙin ya ninka. Ya rufe tankin da kwali ya hana shi haske kwana uku. Da ya buɗe ya ga yashi fari tas, bayan kwana biyar abin ya koma yadda yake. Ya gwada zuba haidirojin farokzayid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, mililita takwas kowane dare har kwana goma, bai ga bambanci ba. Ya yi manyan canjin ruwa sau biyu, kowane sai da yauƙin ya ƙaru washegari.

A wannan watan katantanwa suka fara faɗowa daga jikin gilashi, su kwanta a rigingine su kasa juyawa. Tara cikin goma sha biyu suka mutu. Shi kansa, duk ranar da ya sa hannu a ruwan ya yi shara, sai ya wuni da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci.

A farkon Yuli ya karanta cewa tankin da naitiret ɗinsa ya ƙare kan faɗa irin wannan hali, sai ya fara zuba sodiyam naitiret. Giram ɗaya a lita 300 yana ɗaga naitiret da kusan 2.4. Cikin kwana goma ya kai shi 10. Fosfet yana nan a 0.00, GFO kuma yana cikin na'ura yana aikinsa.

## Zafin 18 da 19 ga Yuli

A ranar 19 ga Yulin 2022 aka auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, karo na farko da zafi ya haura 40 a tarihin awon yanayi na Birtaniya. Gidajen ƙasar an gina su ne don riƙe ɗumi, kuma kaɗan ne ke da na'urar sanyaya ɗaki. Tankin ba shi da na'urar sanyaya ruwa, ba shi da fanka, ga murfin gilashi a samansa. Mai tankin yana wurin aiki a ranakun biyu. Da yammacin 18 ga wata ruwan ya kai digiri 29, da yammacin 19 ya kai 30.5. Ya jefa robobin ƙanƙara a ƙaramin tankin ƙasa, zafin ya faɗo zuwa 27 cikin awa biyu, ya sake hawa da ƙanƙarar ta narke.

Washegari Montipora guda uku sun yi fari, amma namansu yana nan. Wannan shi ne koɗewar murjani: ya fitar da halittun da ke cikin namansa, ana hango farin ƙwarangwal ta cikin naman. Murjanin da ya koɗe bai mutu ba, yunwa yake ji, kuma yana iya farfaɗowa.

Abin da ya sami Acropora daban ne. A daren 21 ga Yuli naman reshe ɗaya ya fara saluɓewa daga gindi, yana tashi a ruwa guntu-guntu. Kafin gari ya waye babu komai sai ƙashi. Kwana biyu bayan haka wasu biyu da ke kusa da shi suka bi. Masu kiwo na kiran wannan RTN, wato mutuwar nama cikin gaggawa, kuma yana iya cinye murjani cikin awa 24. An san wasu bakteriya na dangin Vibrio da ke narkar da naman murjani, daga ciki akwai Vibrio coralliilyticus, wadda cutarwarta ke tsananta idan zafin ruwa ya haura digiri 27.

A 24 ga wata kan Euphyllia ɗaya ya tsuke, wani kauri mai launin ƙasa ya lulluɓe shi, yana wari idan an ɗago shi. Kafin kwana biyu ya tsallaka zuwa kan da ke maƙwabtaka da shi.

Akwai kuma abin da bai lura da shi ba sai 25 ga wata. Yana da ɗan injin da ke ɗiga maganin alkali kullum daidai da abin da murjani ke sha don gina ƙwarangwal. Da murjanin ya daina girma ya daina sha, injin kuwa bai daina ɗigawa ba. Alkali ya tashi daga 8 zuwa 10.8. Ƙarshen rassan Acropora da suka rage suka fara ƙonewa suna yin fari daga sama.

## Ceton abin da ya rage: 25 zuwa 31 ga Yuli

A nan ne ya nemi wani dattijo da ya shekara fiye da ashirin a harkar, wanda suka haɗu a shagon sayar da kifi. Dattijon bai ba shi sunan wani magani ba. Ya ce ya kashe injin alkali, ya bar shi ya sauko da kansa, kada ya zuba komai don saukar da shi. Ya ce ya ware marasa lafiya, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa duba yauƙin da madubin ƙara girma. Bai taɓa ba.

Suka bi Acropora ɗaya bayan ɗaya. Duk reshen da cutar ta kama daga gindi, sai a datse shi da filaya kimanin santimita ɗaya sama da inda naman ya tsaya, a cikin lafiyayyen wuri, a jefar da gindin. A tsoma guntun a ruwan tanki da aka ɗiga wa aidin na minti goma, a ɗauraye, a manna shi da gam a kan sabon dutse, a sa shi inda haske bai da ƙarfi amma ruwa na motsi. Waɗanda aka datse dab da layin cutar don tausayin tsawonsu, duk sun ci gaba da saluɓewa. Waɗanda aka datse da nisa ne suka tsaya.

Euphyllia kuwa sai da aka kashe injinan kaɗa ruwa tukuna, domin kaurin nan idan ya watsu yana kama wasu. Aka zuƙe shi da siririn tiyo zuwa bokiti, aka fito da murjanin waje, aka yanke kawunan da suka kamu tun daga reshensu. Sauran aka tsoma su a aidin aka ajiye su a wata roba daban mai hita da ɗan injin iska, ana canza musu ruwa kullum. Kai ɗaya ya sake kamuwa a robar aka cire shi, daga nan cutar ta tsaya.

Madubin da ya saya irin na ɗaliban sakandare ne. Kafin ya iso sun yi wani gwaji mai sauƙi: aka kaɗa yauƙin a kwalba har ya watse, aka tace ta takardar goge hannu, aka ajiye ruwan a haske. Kafin awa ɗaya zare-zaren sun sake haɗuwa. Dayatom da sayanobakteriya ba sa yin haka. Da aka sa ɗigo ɗaya a madubin aka ƙara girmansa sau ɗari, sai ga ɗaruruwan halittu masu siffar ƙwayar riɗi, kowace tana juyawa a kan tsininta. Wannan siffa da wannan juyi na Ostreopsis ne, ɗaya daga cikin halittun da ake kira dainofilajelet. Ba bakteriya ba ce, don haka maganin da ya zuba a Yuni ba zai taɓa ta ba. Tana da guba ta dangin falitoksin. A Yulin 2005, lokacin da ta yi yawa a gaɓar tekun Genoa a Italiya, mutum kusan 200 ne suka je asibiti da zazzaɓi, tari da ciwon ido bayan sun shaƙi iskar bakin teku. Mutuwar katantanwa da ƙaiƙayin idonsa sun sami bayani. Daga ranar bai ƙara sa hannu a tankin babu safar hannu ba, yana kuma buɗe taga idan zai yi shara.

Da aka duba kaurin Euphyllia, shi kuma cike yake da wasu halittu masu gashi-gashi a jiki, suna iyo da sauri, cikinsu ɗauke da halittun da suka cinyo daga naman murjanin.

## Mayar da abinci, da fitilar UV: Agusta zuwa Satumba 2022

A 1 ga Agusta ya cire GFO. Khal kuma ya rage shi rabi-rabi cikin mako guda har ya daina. Ya koma ba kifi abinci sau biyu a rana. Ya fara zuba fosfet da awo: miligiram tara a lita 300 ya kamata ya ɗaga shi da 0.03. Yana zubawa safe da yamma, amma kwana tara a jere ma'aunin yana nuna 0.00 ko 0.01. Duwatsun da GFO ya tatse ne ke shanyewa. A rana ta goma ya ga 0.03 ya kwana bai ɓace ba, a ƙarshen wata ya tsaya tsakanin 0.06 da 0.08, naitiret kuma tsakanin 8 da 10.

Sanin sunan halittar ne ya sa aka zaɓi fitilar UV, mai hasken da ke lalata ƙananan halittu. Ostreopsis takan saki yashi da duwatsu da dare ta shiga cikin ruwa tana yawo, abin da ya sa tankin ke wayar gari fes. Duk halittar da ke yawo a ruwa ana iya tura ta cikin bututun da hasken UV zai lalata ta. Da wani jinsin ne irin Amphidinium mai manyan ƙwayoyi, wanda ke nutsewa cikin yashi da dare, da fitilar ba ta yi wani tasiri ba. Ya sa mai ƙarfin wat 25, yana jan ruwa kai tsaye daga babban tankin yana mayarwa can, a hankali, kimanin lita 600 a awa, domin idan ruwan ya wuce da gudu hasken ba ya samun lokacin yin aiki. Kowane dare bayan fitilu sun mutu yakan hura duwatsu da ɗan famfon hannu don ya tayar da abin da ya manne.

Ya sa gawayin tace ruwa don ya kama gubar, yana canza shi kowane mako. Ya rataya audugar tacewa a gaban injin kaɗa ruwa, inda yauƙin ke son taruwa, yana wanke ta kowace yamma. Canjin ruwa ya dakatar da shi na mako shida. Idan ya zuƙe yashi sai ya tace ruwan ta ƙyalle mai ƙananan ƙofofi ya mayar. Dattijon ya ba shi dutse ɗaya mai nauyin kilo biyu daga tankinsa da ya shekara goma, cike da soso, tsutsotsi da ƙananan ƙwarin ruwa.

A kwana na biyar da kunna UV zare-zaren sun ragu da fiye da rabi. A mako na uku sai an nema ake gani. A tsakiyar Satumba ɗigon da aka ɗebo daga yashi ya nuna dayatom da yawa, Ostreopsis kuwa ɗaya ko biyu a duk faɗin gilashin madubin. Gilashin tankin, wanda tun Mayu ba ya yin kore, ya koma buƙatar gogewa duk kwana uku. Alkali ya sauko 8.2 da kansa cikin kwana goma sha biyu, aka sake kunna injin a kashi ɗaya cikin uku na adadin da, ana ƙarawa gwargwadon abin da awo ya nuna.

## Bayan nan: Oktoba 2022 zuwa Maris 2023

Gansakuka mai gashi ta dawo a Oktoba, a wurare uku. Wannan karon bai taɓa awon ruwan ba. Yakan kashe injina, ya tsige ta da hannu yana riƙe da tiyo kusa don ya zuƙe gutsattsarin, sau ɗaya a mako. Ya sa sababbin katantanwa na jinsin Trochus guda goma, waɗanda ke iya juya kansu idan sun faɗi, da bushiyar teku ɗaya ta jinsin Mespilia, wadda ke kankare dutse har saiwar gansakukar. Sayanobakteriya ta gaske ta fito a wani lungu a Nuwamba, ja-ja, tana ɗagowa a shimfiɗe. Ya duba ta a madubi, ya juya injin kaɗa ruwa ya fuskanci lungun, ya zuƙe ta sau uku ta tafi.

Montipora uku sun dawo da launinsu a Nuwamba. Cikin Acropora takwas, biyar sun mutu gaba ɗaya, uku sun rayu ta hanyar guntayen da aka datsa, kuma a Janairun 2023 sun fara shimfiɗa sabon nama a kan dutsen da aka manna su. Euphyllia ta rasa kawuna huɗu cikin takwas. Kifi huɗu duk sun rayu. A Disamba ya koma kunna UV da dare kawai, a Fabrairu ya kashe ta, yauƙin bai dawo ba. Awon Maris 2023: zafi 25.5, alkali 8.3, naitiret 8, fosfet 0.07.

## Hukunci

Matsalar farko ruwan famfo ce, kuma ya magance ta tun ƙarshen Maris 2022 da ya gyara na'urar RO. A ganina da ya tsaya nan, ya ci gaba da tsige gansakuka da hannu, ya sa GFO kaɗan yana awo yana dakatawa idan fosfet ya iso 0.1, da wata uku ko huɗu sun ishe shi. Gansakuka mai gashi tana da muni a ido kuma tana takura murjani, amma a duk watannin da ta yi a tankin ba ta kashe ko reshe ɗaya ba.

Abin da ya buɗe wa Ostreopsis ƙofa shi ne sifilin nan na Mayu. Tankin busassun duwatsu ne, bai kai shekara ba, halittun da ke cikinsa ba su da yawa tun asali. Da abinci ya ƙare, dayatom da koren gansakuka da ƙwarin da ke cin su suka ja baya, aka bar fili ga halittar da ke iya iyo ta nemi abinci, take kuma da gubar da ke kashe masu cin ta. Maganin bakteriya na Yuni ya ƙara share mata filin. Wannan shi ne matakin da na fi jin takaicinsa, domin gwajin kwalba da takarda, wanda ba ya cin ko kwabo, da ya hana shi.

Zafin Yuli ya sami murjanin a mafi munin yanayi. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Southampton, wanda ya fito a 2013, ya nuna cewa idan naitirojin ya wadata alhali fosfet ya yi ƙaranci, halittun da ke cikin naman murjani suna shiga yunwar fosfet, ginin kitsen jikinsu ya canza, su kasa jure zafi da haske. Naitiret 10 da fosfet 0.00 shi ne ainihin wannan hali, kuma ya shigar da tankin cikinsa kwanaki kaɗan kafin zafin. Da fosfet ya fara mayarwa, ko ya haɗa su biyun, da ya fi.

Game da abin da ya warkar, na raba aikin biyu. UV ce ta karya yawan Ostreopsis, saurin da abin ya yi cikin kwana biyar ya nuna haka. Amma fitilar ba ta isa ta hana ta dawowa ba, tun da har Satumban 2022 madubi na nuna sauranta a yashi, kuma an kashe fitilar a Fabrairun 2023. Abin da ya riƙe ta shi ne abokan gasa da suka dawo da aka mayar da fosfet, da waɗanda suka shigo a jikin tsohon dutsen nan. A ɓangaren cutar murjani, wuƙa ce ta yi aiki fiye da aidin: yankewa da nisa, da raba masu cuta da masu lafiya da wuri.

Zafin kansa kuma ana iya rage shi. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta fitar da jan gargaɗi tun ranar 15 ga Yuli, kwana uku kafin zafin. Cire murfin gilashi, ɗora fanka tana hura saman ruwa, da kashe fitilu a ranakun biyu, kan sauke zafin tanki da digiri ɗaya zuwa biyu, sai dai a riƙa cike gurbin ruwan da ke ƙafewa. Hakan da ya riƙe tankin kusa da 28 ba tare da hawa da saukar da ƙanƙara ta jawo ba. A Afrilun 2023 ya sayi na'urar sanyaya ruwa, ya saita ta ta kunnu da kanta a digiri 26.5.